Bugu Uku Don Barba Lovre

Gida, tsakiyar Oktoba

Zuwa ga ƙanena Jerko,

Gaisuwa mai yawa tare da kewa. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka, teku tana muku sauƙi, kuma ciwon bayan nan naka ya sake ka. Yaya aiki, yaya zafin ɗakin inji? Mu nan da godiya. Allah ya sa ku ma haka ne, amin.

Bayan gaisuwa, na san kyaftin ɗinku ba ya buɗe akwatin saƙonni sai ya ga dama, don haka zan zuba maka komai a wasiƙa ɗaya. Ka nemi wuri ka zauna.

Na ce da godiya ne don haka ake cewa. Baba ba shi da lafiya, Jerko. Likitan birnin Split ya sallamo mu da jakar magunguna, ya ce a kai shi gida ya huta, kuma da yake faɗa ni yake kallo, ba Baba ba. Na gane. Baba ma ya gane, domin a jirgin da ya dawo da mu tsibiri bai yi wa kowa tsiya ba, har da mutumin da ya taka masa ƙafa. Yanzu yana kwance a ɗakin ƙasa, mai tagar da ke kallon coci. Romon kifi kaɗai ke shiga cikinsa, shi ma sai da lallashi. Na ɗauki hutu a makaranta. Teta Perina, maƙwabciyarmu, tana zama da shi in na fita.

Ga kuma abin da ya hana ni zama. Hadarin makon jiya ya sauke aradu a kan hasumiyar coci. Ƙararrawa ba ta ji komai ba, kwamfutarka mai kaɗa ta ma ta tsira, amma akwatin nan da ke tsakaninsu, mai ba gudumar ƙararrawa wuta, ya ƙone ƙurmus. Tun ranar ƙauyen nan shiru. Babu ta safe, babu ta tsakar rana, babu ta yamma.

Don Mladen, Fadan cocinmu, ya yi odar sabon akwati, ya iso. Ba irin naka ba ne, an ce an daina yin irinsa, kuma wannan sai an sauko masa da tasa manhajar kafin ya ji maganar kwamfuta. Tunda ni ke koyar da lissafi, kuma ni ce yayar wanda ya jawo mana na'urar, sai aka ɗora mini. Takardar akwatin ta ce a fara sabunta apt, ma'ajin nan da ka ce shi ke sauko da manhajoji yana jera su a cikin kwamfuta. Na rubuta umarnin. Layuka suka yi ta gudu, har na fara murmushi, sai ya tsaya cak. Wai bai sami wani ɓangare mai suna apt_pkg ba. Na sake, haka. Na kashe na kunna, haka. In ma'aji bai buɗe ba babu manhaja, in babu manhaja akwati bebe ne.

Da wani lokaci ne, da sai in ce ta jira ka dawo. Amma ka san wanda ke kwance a ɗakin ƙasa. Tun kafin a haife mu shi ke jan igiyar nan, har ranar da kai da na'urarka kuka yi masa ritayar da bai nema ba. Jiya da nake gyara masa matashi ya riƙe mini hannu ya ce:

"Dinka, duk wanda ke kwance a bayan cocin nan ni na kaɗa masa. In tawa ta zo aka fitar da ni shiru kamar mage, ban yafe muku ba, ke da injiniyan naki."

Na ce masa ya daina irin wannan magana, ai yanzu kowa da waya a aljihu. Ya ce shi ba motar tasi ba ne da za a kira masa mutane ta waya. Kuma gaskiyarsa. Ka san halin mutanenmu, babu mai taka gidan rasuwa sai ƙararrawa ta faɗa, namiji uku-uku, mace biyu-biyu.

Kada ka ce a kaɗa da hannu. Ka manta ta ramin igiya ka bi da wayar wutarka? Igiyar tana ma'ajiyar ƙasa inda Baba ya jefa ta cikin fushi, bayan gangunan giya. Hasumiyar kuwa Don Mladen ya sa mata kwaɗo, domin aradun ta tsaga matakala, makullin yana aljihunsa, shi kuma coci huɗu yake yawo a tsibiri biyu.

Ka gaya mini inda wannan ɓangare ya shiga. Ka amsa da wuri, don Allah. Baba yana gaishe ka, ko da yake bai ce in faɗa ba. Ka gai da mai dafa muku abinci, ka ce ya riƙa ba ka kayan lambu.

Ka huta lafiya.
Yayarka,
Dinka

*

Gida, ƙarshen Oktoba

Ƙanena Jerko,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya jiki, yaya ruwa? Na ji a labarai ana iska a ɓangaren da kuke, Allah ya tsare ku. Mu nan muna nan dai.

Amsarka ta iso. Layi biyu, ɗaya ma gaisuwa ce. Wai in sake shigar da ƙunshin da ɓangaren ke ciki. Sannu da ƙoƙari, injiniya. Kana zaton ban yi ba? Na yi, ya ce mini ƙunshin yana nan, kuma shi ne mafi sabo. Na tilasta masa ya sake, ya sake ɗin, na koma kan ma'aji, ya maimaita mini maganar jiya kalma da kalma. Ta yaya abu ɗaya zai ce mini yana nan, kuma ya ce ba ya nan? Ko ɗaliban aji biyar ba su taɓa raina mini hankali haka ba.

Na shiga zaurukan intanet inda masu irin wannan matsala ke kuka. Ashe muna da yawa. Wani ya ce a kwafi fayil ɗin a canza masa suna. Na yi, sai kuskuren ya ƙara tsawo, daga layi ɗaya ya koma rabin allo, na yi maza na goge abin da na kwafa. Wani kuma ya ce a share kwamfutar baki ɗaya a fara daga farko. Shi da sauƙi a bakinsa. Manhajar ƙararrawar da ka rubuta ba ta da kwafi a ko'ina a duniya sai a cikin wannan na'ura, ba zan je neman gira in rasa ido ba.

Jerko, zama ya gagare ni. In ina coci, sai in ji kamar Baba ya cika ba na kusa, in bar komai in rugo gida, in tarar yana faɗa da Teta Perina a kan gishirin romo. In ina gida, sai wani umarni ya faɗo mini a rai, in ajiye cokali in koma. Sau biyu ina ƙona tukunya. Shekaranjiya na tsinci kaina a tsakiyar dandali da takalmi ƙafa ɗaya na gida, ɗaya na fita, ban san ko tafiya nake ko dawowa ba. Kuma duk gyaran da na gwada, sai in buɗe manhajarka in danna lamba uku, ta rasuwar namiji, domin ita ce damuwata. Shiru. Har yatsana ya saba, yana dannawa kafin in yi tunani.

An fara tsinkar zaitun. Kowa yana kan tudu daga safe, kuma ko da yake kowa da agogo a waya, sai suka rasa lokacin cin abinci, wasu su sauko da wuri, wasu su wuce. A kanti an mai da ni abin zance. Barba Kuzma, tsohon nan da ka san shekara nawa ba sa ga maciji da Baba saboda itacen zaitun ɗin kan iyaka, ya tare ni wajen burodi. Ya ce a zamanin Lovre, Babanmu ke nan, ma aradu ta faɗa hasumiya, amma washegari an ji ƙararrawa, don igiya ba ta neman izini daga Amurka. Na kawo wa Baba labari don in ba shi dariya. Ya ce in dai Kuzma ya fara yabonsa, to a kira wa Kuzma likita, shi ma ya kusa.

Kwamfutar kuwa ya raɗa mata suna. Jikana yake ce mata, tunda a cewarsa ita kaɗai ka haifa masa. Da na shigo sai ya tambaye ni yaya jikan nasa, ya fara magana ko har yanzu yana ƙiwuya. In na ce da saura, sai ya juya fuska wajen taga. Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Ya rame ƙwarai. Zoben aurensa ya faɗo a gado, na sa masa a zare na rataya masa a wuya. Ba zan ce ka zo ba, na san ba a sauka a tsakiyar teku, kuma ka ce mai canjinka ba zai hau ba sai ƙarshen Nuwamba. Amma tsoro nake ji, ƙanena. Ba tsoron mutuwarsa kaɗai ba, wannan na fara haɗiye shi. Tsoron ta zo ina zaune gaban baƙin allo ina karanta layin nan.

Ka tuna da kyau ko akwai abin da ka taɓa a kwamfutar nan bayan ka gama haɗa ta. Ko ƙarami ne. Teta Perina tana gaishe ka, ta ce ta ajiye maka busasshen ɓaure.

Allah ya kai ku tudu lafiya.
Taka,
Dinka

*

Gida, farkon Nuwamba

Jerko,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kana lafiya. Ka gode wa Allah da ya sa teku tsakaninmu, don da kana kusa da kunnenka ya yi tsawo.

Ka rubuto cewa ba ka taɓa komai ba. To bari in tuna maka. Ranar Asabar da hantsi ina zaune a ɗakin ajiyar kayan coci, na gaji da neman ɓangaren, sai na ce bari in je in gan shi da idona. Na bi na samo fayil ɗin, ga shi nan zaune lafiya lau, a jikin sunansa akwai lamba 38. Sai na tambayi kwamfutar wane Python take aiki da shi, yaren nan da ka ce rabin kayan cikinta da shi suke magana. Ta ce 3.11, alhali fayil ɗin na 3.8 ne. Na kalli wannan, na kalli wancan. Nan na tuna wani saurayi da ya yi hutun bazara a wannan ɗaki, wai ya fi ko'ina sanyi da ƙarfin intanet, yana shirin jarrabawar babban injiniya. Ka sauko da sabon Python don manhajar karatunka, ka ɗora shi a kujerar tsohon, ka ɗauki jakarka ka hau jirgi. Manhajar ƙararrawa ba ta damu ba, ta ci gaba da aikinta, shi ya sa asirinka bai tonu ba. Amma ma'aji da tsohon ya saba, da shi aka ƙera kayansa. Ɓangaren bai ɓata ba, Jerko. Wanda ake aikawa ya ɗauko shi ne baƙo, bai san fuskarsa ba.

Abin da ya cece ka shi ne ba ka goge tsohon ba. Halin gidanmu ne, ko kwalbar da ta tsage ba ma yarwa. Layi ɗaya na rubuta na mai da shi kujerarsa. Layi ɗaya, bayan makonnin da na yi ina ƙona tukwane. Ma'aji ya buɗe, ya sabunta kansa har ƙarshe ba tari ba atishawa, manhajar akwati ta sauko, ƙaramar fitilarsa ta koma koriya.

Sai yatsana ya danna lamba uku.

Wallahi ban yi tunani ba. Na saba dannawa in ji shiru. Sai na ji hasumiya ta amsa a kaina, har ƙura ta zubo daga rufi. Uku. Ta dakata. Uku. Na nemi inda ake tsayarwa, ashe injiniya bai ga amfanin sa maɓallin tsayarwa ba. Kafin in lalubo wayar wuta a bayan kabad ta gama abinta tsaf.

Namiji ɗaya ne ke kwance a ƙauyen nan, kowa ya sani. Kafin in iso gida da gudu, mutane sun fara gangarowa daga tudu, sun bar buhunan zaitun a gindin itace. Mata sun yafa baƙi a kan kayan gona. Wata ta kawo kyandir, wata ta ɗora kofi a murhunmu ba tare da ta tambayi kowa ba. Teta Perina ta je ɗebo ganyen faski a lambu lokacin da abin ya faru, ta dawo tana kuka tana cewa minti kaɗan ta bar shi. Ina cewa ku tsaya, gwaji ne, ana rungume ni ana cewa in yi haƙuri.

Wanda ya riga kowa shiga zaure Barba Kuzma ne, hula a hannu, kwalbar giyarsa ta gida a hammata. Ya tsaya bakin ƙofar ɗakin ƙasa, bai iya shiga ba, hawaye yana bin gemunsa. Ya ce wa jama'a su shaida, itacen kan iyaka na Lovre ne, tun asali nasa ne, taurin kai ne kawai irin na tsufa. Sai murya ta fito daga cikin ɗaki, siririya amma sarai:

"Na ji, Kuzma. Ku ma kun ji. Ajiye kwalbar a nan kusa da gado."

Jerko, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Wata ta saki faranti. Barba Kuzma ya yi fari, ya yi ja, ya kira Baba tsohon maƙaryaci, ɓarawon zaitun, wanda ko mutuwarsa ta algus ce. Ya rantse ko ƙararrawar za ta tsage gida biyu ba zai sake tako gidan nan ba. Amma ya bar kwalbar. Baba ya yi dariya har sai da na ɗaga shi zaune don numfashi. Ya sa aka shigo da mutane ɗaya bayan ɗaya, yana lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba, yana yi wa kowa tsiya. Rabon da in ga idonsa haka tun kafin Split.

Ba kowa ya yi dariya ba. Wasu sun rasa layinsu a injin matsar man zaitun saboda ni. Don Mladen ya kira ya yi mini wa'azi mai tsawo. Kuma da nake daidaita agogon na'urar a kwanakin da suka biyo, ta sake kaɗawa sau biyu ba a kan lokaci ba. Yanzu ko cokali ya faɗi a kanti sai wani ya ce Dinka ce ke gwaji.

Da yamma, bayan an watse, na tambayi Baba ko hankalinsa ya kwanta, tunda ya ji da kunnensa jikansa ya warke. Ya ce ya ji. Sannan ya ce yaron yana da murya, amma sauri yake, kamar mai son ya gama ya tafi wani wuri. Ya ce shi in ya buga ɗaya, sai ya ambaci sunan mamacin da na ubansa, ya jira ƙarar ta haye tashar jiragen ruwa, ta daki dutsen tsallake, ta dawo, sannan ya buga na biyu. Shekarun nan duka ina jin ƙararrawarsa, ban taɓa sanin yana magana a can sama ba. Kai ka sani?

Na ce zan duba ko ana iya ƙara tazarar a manhaja. Ya ce in bar jikan nasa ya huta, ya sha wuya.

Ni dai na yi barci ranar, karo na farko. Ka kula da kanka. Kunnenka yana nan a ajiye.

Yayarka mai fushi da kai, mai ƙaunarka,
Dinka

*

Gida, tsakiyar Nuwamba

Ƙanena, ɗan'uwana Jerko,

Ina gaishe ka, ina yi maka ta'aziyya, kamar yadda kai ma za ka yi mini. Ina fata kana cin abinci, kuma akwai wanda kake magana da shi a jirgin nan. Na san kamfani ya isar maka da saƙon a taƙaice. Ga yadda aka yi, don kada ka ji a bakin wani.

Baba ya cika ranar Talata da safe, rana ta ɗan ɗaga. Bai sha wuya ba. Na ba shi ruwa, ya tambaya ko iskar arewa mai ƙarfin nan ce ke kaɗawa, na ce ita ce. Ya ce to jirgi ba zai zo ba yau. Ya riƙe zoben da ke wuyansa, shi ke nan. Ni kaɗai ce a ɗakin. Teta Perina tana gonar ɗanta, don kwanakin ƙarshe ne na tsinka, kowa yana kan tudu.

Na rufe masa ido, na buɗe taga, na tafi coci a tsanake. A hanya har ina gode wa Allah a kan layin nan ɗaya. Na zauna, na danna lamba uku, wannan karon da saninta. Na'urarka ba ta ba ka kunya ba. Ta kaɗa daidai, uku-uku, ba kuskure. Na koma gida na ɗora ruwan kofi, na jera kujeru a zaure, na zauna ina jira.

Babu wanda ya zo.

Ruwan ya tafasa, na sauke, na sake ɗorawa. Na fita bakin ƙofa. Mai kai wasiƙu ya wuce a babur, ya ɗaga mini hannu yana dariya, ya ce yau ma gwaji ake, malama? Kafin in buɗe baki ya sha kwana. Jerko, ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Makonni ina gudu tsakanin gado da allo don kada a fitar da shi shiru, na gyara, ta kaɗa, kuma ga shi kwance shi kaɗai kamar ba a kaɗa ba. Ni na ɓata masa ita da yatsana. Na ɗauko waya, na fara neman lambar Teta Perina, sai na tuna maganar Baba a kan motar tasi. Na ajiye.

Na sauka ma'ajiyar ƙasa na jawo igiyar daga bayan ganguna. Ban san ma abin da zan yi da ita ba, tunda Don Mladen yana can tsallake, iska ta tsare shi da makullinsa. Ina warware ta sai wani abu ya faɗi a ƙasa. Makullin ƙaramar ƙofar baya ta hasumiya ne, wadda kowa ya manta da ita, ɗaure a bakin igiyar. Ashe tsohon bai taɓa mayarwa ba.

Ka san ni da tsani, ko na tsinkar ɓaure ba na hawa. Matakalar nan ta tsage da gaske, akwai inda sai da na rarrafa, igiya a kafaɗa, iska tana shigowa ta ko'ina. Ban kalli ƙasa ba. Da na kai sama na ɗaura igiyar a harshen ƙararrawa da irin ƙullin da Baba ke yi wa kwale-kwale. Ba a taɓa jin mace ta kaɗa a ƙauyen nan ba, kuma da yana da rai da shi zai fara hana ni.

Na ja. Ƙarar ta shiga mini har haƙori. Na ce, Lovre ɗan Jerko. Sai da na faɗa na tuna sunan kakanmu ka ci, ka ga kai ma kana wurin. Na jira. Da iskar nan ban zaci zan ji komai ba, amma ta dawo daga dutsen tsallake, a hankali, kamar wani ya amsa daga nesa. Sannan na ja na biyu.

Daga can sama ana ganin tudun gaba ɗaya. A bugun farko babu wanda ya motsa. A na biyu na ga wani a kan tsani ya tsaya da hannu a reshe. A na uku ya sauko. Na dakata, na sake farawa, ina kuka ina kiran sunan, hannuna ba ya ba da ƙarfi iri ɗaya, wani bugun ya fito da nauyi, wani da rauni. Sai na ga ana tsayawa gona bayan gona. Maza suna cire hula. Inji mai karkaɗa reshe da ke ta ruri tun safe ya yi shiru. Kafin in gama zagaye na ƙarshe hanyar tudu ta cika da mutane, ba mai gudu, ba mai magana.

Da na sauko, tafin hannuna ya saɓule, na tarar da Barba Kuzma a ƙofar baya, da ganyen zaitun a kafaɗarsa. Bai rungume ni ba, ka san shi. Ya karɓi makullin ya rufe ƙofar da kansa, ya ce:

"Da na ji ta ɗazu na ce yarinyar nan ce da wasanta. Da na ji wannan na ce wa matata, sauko, ba inji ba ne. Lovre ne ya tashi yana kaɗa wa kansa."

Shi ya yi masa aski, shi ya ɗauki gaban akwatin gawa. An binne shi ranar Alhamis kusa da Mama, bayan iska ta faɗi, Don Mladen ya samu hayowa. Bai ce mini komai a kan hasumiya ba, sai dai ya kalli hannuna ya ce in sa man zaitun. Zaure bai ɗauki mutane ba, har dandali aka jera kujeru.

Na'urarka tana nan lafiya, tana kaɗa ta safe da ta rana da ta yamma a kan lokaci, masu tsinka sun koma cin abinci tare. Tsohon Python yana kujerarsa, sabon naka yana gefe, in ka dawo ka yi karatunka da shi, amma kada ka sake ɗaga wani daga inda ka same shi. Zoben yana wurina, naka ne. Igiyar kuwa na bar ta a rataye a can sama.

Ka dawo lafiya, ƙanena. Gidan ya yi mini girma.

Ni ce yayarka,
Dinka 'yar Lovre